Rigar Yaya Habu a Gonar Alkama

Azumin bana ya zagayo ya sauka daidai inda ya taɓa samuna shekara talatin da 'yan kai da suka wuce: sanyi ya tattara ya tafi, zafi ya fara leƙowa, alkama ta yi nono tana jiran bushewa. Mu nan ƙasar Kura mun fi gane wata da abin da ke gona fiye da abin da ke rubuce a kalanda. Tun da aka ga wata alhali zangarniya na sunkuyawa, jikina ya ba ni cewa bana sai na tuna abin da na daɗe ina kauce wa. Ban dai zaci ta cikin waya zai biyo ni ba.

Ranar sha biyu ga azumi na dawo daga ban ruwa bayan la'asar, na zube a tabarma, maƙogwaro kamar an zuba masa toka. Autata Zainabu, wadda ta gama sakandare bara, tana gindin turmi. An ba ta gyaran zogale ta ture shi gefe, ta duƙufa a kan waya tana jan hanci.

"Auta, lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Baba. Katun ne."

Katun, wato zanen nan mai motsi da ake yi wa yara. Na ce miƙo in ga abin da ya fi yunwar azumi ciwo. Ta matso ta riƙe mini wayar. Wata agwagwa ce aka zana, ido ɗigo biyu, baki kamar ludayi, tana tafe a bakin ruwa 'ya'yanta na biye da ita a layi. Auta ta ce ɗaya daga cikinsu ruwa ya tafi da shi tun farkon fim. To abin da aka yi shi ne, a cikin layin an bar gurbi, daidai inda yake bi. In suka zo tsallake wani kututture, uwar takan tsaya kowa ya haye. Sun haye duka, amma ba ta motsa ba, ta ci gaba da tsayuwa gwargwadon lokacin da ɗa guda zai ɗauka ya haye, sannan ta wuce. Fuskarta ma ba ta sake ba.

Ana haka babban ɗana ya shigo da babur daga Kadawa. Baffa ake ce masa, shi ne ɗan farina, yana da aure da 'ya'ya biyu amma bai daina tsokanar ƙanwarsa ba.

"Iko sai Allah," ya ce. "Ƙatuwa da ke, kina wa zane kuka? Ba rai gare shi ba fa, wani ne ya zauna ya zana. Kawo wayar nan, ki tashi ki taya Umma aiki."

Ya miƙo hannu. Ni kuwa a lokacin ba na tsakar gidan, ina can gonarmu ta bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, ina ɗan shekara ashirin da ɗaya.

Daminar da ta gabaci waccan shekara ba ta yi mana adalci ba. Ruwa ya ɗauke gero na tsaka da fitar da kai, dawa ta tsaya iya ƙugu ta bushe a tsaye. Kafin sanyi ya shiga rumbunmu ya fara amsa amo in an ƙwanƙwasa. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, ya bar mana fili guda a cikin gonakin noman rani, ni da wana Habu da mahaifiyarmu, Inna. A wannan filin muka zuba alkama, muka zuba duk wani fata da muke da shi. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, sauran kuwa kwaɗon rama da kunu tsararo wanda kana iya hango ƙasan kwano ta cikinsa.

Yaya Habu dogo ne, mai barkwanci, kuma hannunsa na da kyau a ban ruwa. In layin ruwa ya zo kanmu, zai nutsa tiyo a kanal, ya toshe baki da tafin hannu, ya wurga shi ƙetaren gaɓa, ruwa ya kama zuba tun karon farko. Ni sai na yi sau biyar ina jiƙa wando. Yana da wata shuɗiyar riga ta zuwa gona, ta koɗe har ta kusa zama fara, da faci a kafaɗar dama inda kotar fartanya ke gogawa.

Shi ne ɗan farin Inna, kuma Inna mutuniyar da ce ta gaske. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Tun yana yaye aka kai shi wurin kakarmu a Bunkure, sai da ya kai shekara goma ya dawo. In ya durƙusa gaishe ta, tukunya take amsa wa. In ta zuba abinci sai ta ce, "Sale, kai wa wancan." Shi kuma ya ɗaga murya daga zaure, "A gaya wa Inna wancan ya gode." Ba ta dariya, amma na sha ganin kafaɗarta na rawa. Na kuma lura ƙanzo, da ɗan abin da ya saura a gindin tukunyar miya, kullum a kwanon wancan suke ƙarewa. Facin kafaɗar nan ma ba wanda ya ga lokacin da aka yi shi. Ya rataye riga a yage, ya wayi gari ya same ta a ɗinke, bai tambaya ba, ba a kuma gaya masa ba.

Saura kwana tara a fara azumi, Yaya Habu ya dawo daga gona yana cewa kansa na sarawa. Washegari wuya ya sanƙare. A rana ta uku muka kai shi makwancinsa.

Gida ya cika da mata, ana ta koke-koke, har waɗanda ko sau biyu ba su taɓa magana da shi ba. Inna na zaune a kan tabarma, ido a bushe, tana amsa gaisuwa. Har tashi ta riƙa yi tana ɗebo wa baƙi ruwa. Na ji da kunnena tsofaffi na yaba ta: "Kai, wannan baiwar Allah akwai kara. Ɗan fari ne, ko ɗigon hawaye." Ta ji su ita ma. Ina ganin yabon nan ne ya ƙarasa kulle ƙofar.

Da azumi ya kama sai na ga abin da yabo bai gani ba. Da asuba ruwa kawai take kurɓa. In an sha ruwa ta riƙe kofin kunu har ya huce ya yi fata, ta miƙa wa jikar maƙwabta. Zaninta ya fara zagaye ta sau biyu. Ba ta kwanta ciwo ba, ba ta fasa shara ba, tana dai ƙarewa ne a tsaye kamar dawar bara. Na binne wana, ga shi ina kallon uwata na bin sa a hankali, ban kuma san ta inda zan riƙo ta ba.

A daidai lokacin jan-baki suka sauka. Wanda bai yi tsaron alkama ba bai san tsuntsun nan ba. Da hantsi da yamma suke tasowa daga ciyawar bakin ruwa kamar hayaƙi, in suka sauka a gonarka kana alwala, kafin ka sallame sun yi maka sussuka. Aikin mutum biyu ne, ɗaya a kowane gefe, ana ihu ana wurga majajjawa. Ni kaɗai na rage, ga azumi, ga rana. Kafin azahar muryata ta dishe, leɓe ya tsage, in na yi ihu sai iska ta fito. Na ɗaura igiyoyi da gwangwanaye na zuba musu tsakuwa, na jawo bakin igiyar zuwa rumfar da nake fakewa. Kwana biyu suka saba da ƙarar, har sauka suke yi a kan igiyar.

Sai na ce bari in yi mutum-mutumi a can ƙarshen gonar, inda Yaya ke tsayawa. Na samo sanda doguwa na gicciya mata wata, na kafa tsohuwar ƙwarya a sama, na ɗiga mata ido biyu da gawayi. Saura tufa. A shekarar nan ba mai tsumman yarwa, duk wanda ka gani a jikin wani yake. An riga an raba kayan Yaya, amma shuɗiyar rigar da malafarsa suna nan rataye a bayan ƙyauren zaure, ba wanda ya ga sun kai a raba. Wallahi ban yi tunanin komai ba, tsuntsu kawai ke gabana. Na zura wa sandar riga, na ɗora malafa, na ɗaure hannun dama da igiya yadda in na ja daga rumfa zai ɗaga sama.

Ranar shida ga azumi, bayan la'asar, na hango Inna tafe a kan gaɓar kanal da lauje, za ta yanko wa akuya ciyawa. Rabonta da gona tun kafin rasuwar. Ina cikin rumfa, ba ta gan ni ba. Tana kawowa daidai kan iyakarmu wani garken tsuntsu ya taso, ni kuma na fizgi igiya. Rigar ta cika da iska, hannu ya ɗaga, facin kafaɗa ya fito fili.

Laujen ya faɗi daga hannunta. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta sauko daga gaɓar, ta ratsa alkama har gaban mutum-mutumin, ta zauna a kan kunyar gona. Na ji ta da wata murya da ban san tana da ita ba.

"Habu."

Ta sake faɗa, a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. "Habu. Habu na." Sai kuka ya ɓalle. Ban taɓa jin irinsa ba, ba na kuma fatan in sake ji. Na toshe bakina da hula a cikin rumfa, tsuntsaye suka sauka suka ci rabonsu, ban kore su ba. Da magariba ta yi, a gida, Inna ta shanye kununta, ta ce a ƙara mata.

Washegari ta dawo, da lauje kamar jiya. Na lafe ina zaton ɓoye nake. Ta zauna, ta gyara zani, ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Sale, ja igiyar."

Ashe ta sani. Ta san sanda ce da ƙwarya, ta san ni ne a rumfa, ita ce ma ta ba ni ƙwaryar da hannunta da na ce ina so. Ba ruɗewa ta yi ba ko kaɗan. Na ja igiya, hannu ya ɗaga, ta ce, "Yauwa."

Kusan kwana ashirin muka yi haka. Ba ta taɓa duban rumfa ba, ni ma ban taɓa fitowa ba, a gida kuma ba mu taɓa tayar da zancen ba. Takan ba mutum-mutumin labarin gida: akuya ta haifi biyu, rufin ɗaki na son gyara kafin damina. Takan yi masa faɗa a kan yawo a rana ba hula. Ran nan ta ba shi labarin ranar da aka ɗauke shi a kan jaki zuwa Bunkure, yadda ta tsaya a bayan danga tana leƙe ta kafar kara har jakin ya ɓace, ta koma ta ci gaba da daka don kada a ce ta damu. In ta yi shiru sai in ja igiya kaɗan, kamar yana amsawa. Na ƙware har na san inda ake ja da ƙarfi da inda ake saki a hankali. Kumatunta suka fara dawowa, ta koma cin tuwon sahur.

Amma gonar noman rani ba ɗaki ba ce, kunya ɗaya ce tsakaninka da maƙwabci. Magana ta fara yawo. Wata rana a majalisa bayan an sha ruwa, wani abokina ya ce, "Sale, an ce Inna ta yi sabon ɗa, na itace. Yaushe ne suna?" Aka yi dariya. Ni ma na yi, don kada a ga ta taɓa ni.

Sai Kawu Malam ya aiko kirana. Wan Inna ne, yana da makarantar allo, mutum ne mai taushin hali, ba zan ɗora masa laifi ba. Ya zaunar da ni a kan buzu ya ce, "Sale, hawaye ba laifi ba ne, rahama ce. Amma mutane sun fara cewa 'yar'uwata ta taɓu. Rigar nan kuma, da tana jikin wani bawan Allah yana salla da ita, ladan na isa ga mai ita. A jikin sanda rana ce kawai ke cin ta. Ka duba dai, kai ne namiji a gidan yanzu."

Bai ce dole ba. Da na buɗe baki na ce, Kawu, tun da aka kafa sandar nan take cin abinci, na tabbata da ya ce a bar ta zuwa girbi. Saura kwana nawa ne ma? Amma ban faɗa ba. Ba ladan Yaya ne ya rufe mini baki ba, dariyar majalisa ce. Wannan gaskiyar na yi shekaru kafin in iya gaya wa kaina ita.

Da safiyar ashirin da bakwai na cire rigar, na wanke ta a kanal, na kai wa Kawu. Ya ba wani ɗan ci-rani da ya zo yankan alkama daga arewa. Sandar kuwa na zura mata buhun taki.

Bayan la'asar Inna ta zo. Ta tsaya a kan gaɓa, ba ta sauko ba. Na jira ta yi faɗa, ko ta kira ni, ko ta tambaya. Can ta ce, "Ja igiyar." Na ja. Buhu ya yi ƙara, kwaram-kwaram.

"Wannan ya fi ƙara," ta ce. "Zai fi korar tsuntsu."

Ta sunkuya ta yanki ciyawarta, a karon farko ta cika ƙunshi da gaske, ta ɗora a ka ta tafi.

Alkama ta yi kyau a shekarar. Bayan Salla muka yanke, muka sussuke, gida ya yi ƙamshin gurasa, yunwa ta sake mu. Inna ba ta mutu ba, kwana ashirin ɗin nan sun riƙe ta, ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Sai dai ban sake ganin hawayenta ba, ban kuma sake jin sunan ba. Da na yi aure aka haifa mini ɗa namiji, na sa masa Habu, da dabarar cewa jika ba a jin kunyarsa, dole ta kira. Tun ranar suna mata suka laƙaba masa Baffa, tunda sunan wan ubansa ya ci. Inna ta bi su. Ni ma da yake ɗan farina ne, na bi su, na samu wurin fakewa.

A ciwonta na ƙarshe, wata rana da hantsi ina mata fifita, ta ce, "Sale, wa aka ba rigar?"

Shekara goma sha ɗaya, ba ta ce wace riga ba, ni ma ban tambaya ba. Na ce wani baƙo ne, ɗan ci-rani.

"Ta yi masa daidai?"

"Ta ɗan yi masa tsawo, Inna."

Ta rufe ido. "Ai dogo ne," ta ce. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kwana huɗu bayan haka ta cika.

Ni ba ɗan boko ba ne, ban san yadda ake haɗa katun ba. Amma na san abin da ke sa babba ya yi masa kuka, don na taɓa riƙe igiyar. Ɗan wasa mai rai yana da fuskarsa, ka san shi, ka san gobe za ka gan shi a wani fim yana rawa. Ɗigo biyu na gawayi kuwa ba fuskar kowa ba ce, shi ya sa take karɓar duk wadda ka zo da ita. Kuma ba a jin kunyar zane. Ba zai dube ka ba, ba zai yaba maka kara ba, ba zai kai labarinka majalisa ba. Wanda ya sa agwagwar nan ta tsaya jiran ɗan da ba zai haye ba, ko a wace ƙasa yake, ya taɓa zuba abinci a kwanon da ba mai ci. Auta ma ba agwagwa take wa kuka ba. Ƙawarta da suka tashi tare ta rasu wajen haihuwa watanni biyar da suka wuce, aka ce mata ta yi haƙuri, ta kuwa yi, har muna yaba mata.

Hannun Baffa ya kai kan wayar.

"Habu," na ce. "Bar ta."

Uwarsu da ke bakin murhu ta tsaya da ludayi a sama. Shi kansa sai da ya waiga bayansa, ya ga ko da wani nake. Shekararsa talatin ba ɗaya, bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Ya janye hannu a hankali, ya rasa inda zai sa shi, sai ya durƙusa a gefen tabarma kamar mai gaisuwa.

"Baba, lafiya? Idonka..."

"Hayaƙin murhu ne," na ce, alhali iska can take kai shi. "Zauna."

Ya zauna. Aka fara kiran salla a masallacin unguwa, kunu na gabanmu, ba wanda ya miƙa hannu. Auta na dubana, wayar na hannunta, hoton ya tsaya cak a kan kututturen.

"Auta," na ce, "mai da shi baya. Daga inda take jira."